Zanen Gishiri a Ruwan Faya da Amfaninsa a Farkon Ciki

Gabatarwa

Idan mace mai ciki ta cika watanninta, naƙuda ta kama, ruwa ya ɓalle mata gaba ɗaya har ya jiƙa zane da shimfiɗa, ba a bukatar likita ya faɗi abin da ya auku. Ungozoma ko wata tsohuwa a gidan za ta ce faya ta fashe, kuma gaskiyarta. Inda wahalar take shi ne cikin da bai yi nisa ba, ɗan wata huɗu ko biyar, sa'ad da mace za ta riƙa jin ɗan danshi yana tsattsafo mata, yau ya zo gobe ya ɗauke, ba ciwon mara, ba jini. Yana yiwuwa fitsari ne ya kuɓuce saboda ciki ya danne mafitsara. Yana yiwuwa ruwan nan ne da mata suka saba gani, wanda yake ƙaruwa in an sami ciki. Yana kuma yiwuwa fayar ce ta huje tun lokaci bai yi ba. A ƙasar Hausa amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce zaƙi ne yake fita, har ma a yi murna, domin an ɗauka fitarsa alamar haihuwa ce mai sauƙi.

Biyun farko ba su da wata illa mai yawa, amma na ukun yakan zama sanadin rasa ɗa, wani lokaci har da uwa. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wata dabara da likitoci suka daɗe suna rarrabe waɗannan ruwaye da ita, watau shanya ɗigon ruwan a kan gilashi a duba irin zanen da ya bari bayan ya bushe. Za a duba dalilin da ya sa zanen yake fita, da ko yana fita a farkon ciki kamar yadda yake fita a ƙarshensa, da kuma iyakar yardar da ta kamata a yi masa.

Faya da Ruwanta

Faya wata jaka ce mai tantani biyu, na ciki da na waje, wadda ɗan tayi yake kwance a cikinta. Tantanin ciki yana soma samuwa tun wajen kwana 8 da shigar ciki, amma ba ya mannewa da na waje sai wajen mako na 14 zuwa na 16. (Likitoci suna ƙidaya makonnin ciki daga ranar farko ta hailar ƙarshe, cikakken ciki kuwa mako 40 ne.) Ruwan da yake cikin jakar kaɗan ne da farko. A mako na 10 bai wuce mililita 30 ba, watau kamar cikin babban cokali biyu. A mako na 16 yakan kai mililita 200, sa'an nan ya yi ta ƙaruwa har ya kai wajen 800 a watannin ƙarshe. Kashi 98 cikin ɗari nasa ruwa ne zalla, ragowar kuwa gishiri ne da furotin da sukari da ɓarɓashin fatar ɗan tayi.

Abin lura a nan shi ne ruwan farkon ciki da na ƙarshensa ba daga tushe ɗaya suke ba. A makonnin farko ruwan tatacce ne daga jini, yana ratsowa ta tantanin faya da ta fatar ɗan tayi, wadda a lokacin ba ta yi kauri ba, ruwa yana shige da fice ta cikinta kamar rariya. Saboda haka gishirinsa kusan daidai yake da na ruwan jinin uwa. Ƙodar ɗan tayi tana soma yin fitsari tsakanin mako na 8 da na 11, fatarsa kuma tana yin kauri ta daina tace ruwa daga wajen mako na 20 zuwa na 25. Daga nan yawancin ruwan faya fitsarin ɗan tayi ne, tare da wani ruwa da huhunsa yake fitarwa, shi kuma yana haɗiye shi yana sake fitsarar da shi. Da yake fitsarin ɗan tayi tsarara ne, gishirin ruwan faya sai ya riƙa raguwa a hankali har zuwa haihuwa. Wannan bambanci shi ya sa masana suka yi tambayar ko gwajin da aka tabbatar a kan mata masu naƙuda zai yi aiki a kan mai cikin wata uku ko huɗu.

Yadda Gishiri Yake Yin Reshe

Duk wanda ya taɓa ganin farin shatin da gumi yake bari a wuyan riga ya san cewa in ruwa ya ƙafe, gishirin da ya narke a cikinsa ba ya binsa, a nan yake zama. In aka narkar da gishiri a ruwa mai tsabta aka bar shi ya bushe a hankali, ƙwayoyin da za su fito masu fuska shida ne madaidaita, kamar ƙwayar sukari ta kwali, domin haka ƙananan sassan gishiri suke jeruwa in ba abin da ya tsare su. To, amma in ruwan yana da yauƙi saboda furotin, kuma an shimfiɗa shi siriri a kan gilashi yana bushewa da sauri, sai al'amarin ya sauya. Gishirin da yake narke ba ya samun saurin tafiya a cikin yauƙi zuwa inda ƙwayar take girma. Kusurwar ƙwayar, da yake ta fi miƙewa cikin ruwan, ita take fara tarar gishirin da yake zuwa, saboda haka sai ta fi sauran jikin ƙwayar saurin girma, ta zama tsinke. A jikin tsinken nan duk inda aka sami ɗan tudu sai shi ma ya yi tsini ya zama reshe, reshen kuma ya fitar da nasa rassan. Cikin 'yan mintoci gilashin ya cika da zane mai kama da ganye. Irin wannan girma ne yake ba dusar ƙanƙara siffarta a ƙasashen sanyi, sai dai ita rassanta shida ne.

Turawa sun kamanta zanen da ganyen wani tsiro na wuraren danshi da suke kira fan, dangin agugu wanda ake maganin tsila da saiwarsa, har suka sa wa gwajin sunan tsiron. Waɗansu likitocin sun kamanta shi da ganyen dabino. Ga mai karatu na nan ƙasar babu kwatancin da ya fi ganyen ɗorawa dacewa: kara ɗaya a tsakiya, rassa jere dama da hagu, kowane reshe da ƙananan ganyayensa. Ba a ganinsa sosai da ido kawai, amma ƙaramin ƙarfi na madubin likita ya isa a gan shi sarai.

Abu biyu ke nan ake bukata kafin zane ya fito: isasshen gishiri, da furotin daidai gwargwado. In furotin ya yi yawa ƙwarai sai ya danne gishirin, a ga dunƙule-dunƙule ba reshe. In babu shi sam sai a ga ƙwayoyi warwatse. Fitsarin babban mutum ba ya yin wannan zane, haka ma ruwan farji na yau da kullum. Ruwan faya yana yi, kuma a kan wannan bambanci aka gina gwajin. Sauran ruwayen jiki da suka cika sharaɗin su ma suna yi, alal misali yawu da hawaye, har likitocin ido sukan duba zanen hawaye don gane ciwon bushewar ido.

Tarihin Gwajin

Ba a ruwan faya aka fara ganin zanen ba. George Papanicolaou, likita haifaffen ƙasar Girka da ya yi aikinsa a birnin New York na Amurka, wanda ya shahara da gwajin sankarar bakin mahaifa, shi ya bayyana a 1946 cewa majinar bakin mahaifa tana bushewa da siffar ganye a tsakiyar watan mace, lokacin da ƙwai yake shirin fita. Daga baya aka gane cewa sinadarin istirojin, wanda yake yawaita a wannan lokaci, shi yake ƙara wa majinar ruwa da gishiri. In ƙwai ya fita, wani sinadari mai suna furojestaron sai ya karɓi ragama, majina ta yi kauri, zane ya ɓace. Bernhard Zondek da abokin aikinsa Rozin, a birnin Ƙudus, sun yi rubutu a 1954 a kan amfani da wannan sauyi don sanin ko jikin mace yana fitar da furojestaron yadda ya kamata.

Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da ake magana a kai, domin furojestaron shi ne sinadarin da yake riƙe ciki, kuma yana da yawa a jikin mai ciki tun daga farko har ƙarshe. Ma'ana, a ƙa'ida majinar mai ciki ba ta yin ganye. Idan kuwa aka ɗebo ruwa daga gabanta ya yi ganye, to, akwai alamar daga wani wuri ya zo. A 1955 likitoci biyu na ƙasar Hangari, Kardos da Tamasi, suka bayyana cewa ruwan faya yana yin zanen, a 1962 kuma Kovacs ya buga bayanin amfani da shi wajen gane fashewar faya a wata mujallar likitocin mata ta Amurka. Daga nan gwajin ya shiga ɗakunan haihuwa.

Yin sa ba wuya. Likita ko ungozomar asibiti za ta buɗa gaban mace da wani ƙarfe dafaffe mai kama da bakin agwagwa, ta duba ko ruwa ya taru a can ƙurya, a bayan bakin mahaifa. In ba ta gani ba takan sa macen ta yi tari, ko ruwa zai tsarto. Sai ta dangwalo abin da ta samu da auduga a kan tsinke, ta shafa a kan fallen gilashi mai tsabta, ta bar shi ya sha iska. Ba a sa yatsa a wannan dubawa, domin yatsa yakan tura ƙwayoyin cuta ciki, yakan kuma gaggauta naƙuda. Galibi ana haɗawa da wani gwajin na takardar naitirazin, wadda take nuna tsami ko rashinsa. Ruwan farji mai tsami ne, a ma'aunin tsami yana tsakanin 4.5 da 6, ruwan faya kuwa yana wajen 7 zuwa 7.5, watau ya ɗan karkata ga ɓangaren kanwa. In ya taɓa takardar sai ta juye daga rawaya zuwa shuɗi.

Ko Ruwan Farkon Ciki Yana Yin Ganye?

An jima ana shakkar haka, ganin cewa ruwan farkon ciki bai zama fitsarin ɗan tayi ba tukuna. Amsar da ta fi fitowa fili ta zo ne a 1993, sa'ad da Bennett da abokan aikinsa a Amurka suka gwada ruwan faya da aka zuƙo da allura ta cikin mata masu ciki daga mako na 12 har zuwa na 41. Da aka bar gilashin ya bushe da iska minti 10, kowane ɗaya ya yi ganye, na farkon ciki da na ƙarshensa baki ɗaya. Da aka duba bayan minti 3 kawai, waɗansu ba su nuna ba. In aka tuna bayanin da ya gabata wannan ba abin mamaki ba ne: ruwan farkon ciki ma ya fi na ƙarshe gishiri, kuma furotin ɗinsa, ko da yake bai kai na jini ba, ya isa ya sa gishiri yin reshe. Ke nan ƙanƙantar ciki ba ta hana zane fita. Abin da yake hana shi gaggawa ce. Ma'aikacin da aiki ya yi wa yawa, ya leƙa madubi gilashi bai gama bushewa ba, ya sallami mace da cewa ba komai, ya yi kuskuren da minti bakwai na haƙuri za su hana.

Sai dai kada a ɗauki sakamakon nan fiye da abin da ya ce. Ruwan da Bennett ya gwada tsantsa ne, daga jaka zuwa allura zuwa gilashi. Abin da ungozoma take samu a kan audugarta daban ne: ɗan danshi gauraye da majina da gumi, wani lokaci da jini, mai yiwuwa sa'o'i da yawa bayan zubar. Shekara guda bayan wancan bincike, a 1994, de Haan da abokansa a ƙasar Holan suka auna gwajin a kan matan da suka zo asibiti. Ga masu naƙuda, ya gano kashi 98 cikin ɗari na waɗanda fayarsu ta fashe. Ga waɗanda ba su naƙuda, suka zo da kukan ɗan ruwa kawai, kashi 51 ya gano, watau kusan rabi sun tsallake. A cikin masu lafiyayyar faya kuwa, wajen uku cikin goma ya yi musu ƙarya ya ce ta fashe. Abin takaicin shi ne wannan rukuni na biyu su ne ainihin masu bukatar gwajin, kuma mai cikin wata huɗu a cikinsu take. Ita ruwanta gaba ɗaya bai wuce kofin shayi ba, in ya tsiyaye a gida babu sauran abin da za a dangwalo.

Hanyoyin da zane yake yaudara sanannu ne. Majinar bakin mahaifa takan yi ganye jefi-jefi ko da akwai ciki, shi ya sa ake hana taɓa bakin mahaifa da audugar. Gwanin duba madubi yakan rarrabe su, domin ganyen majina kauri gare shi da duhu, na ruwan faya kuwa siriri ne mai laushin rassa. Maniyyi yana yin zane, yana kuma shuɗanta takardar naitirazin, saboda haka dole a tambayi mace ko ta sadu da mijinta kwanan nan, ko da tambayar tana da nauyi. Har shatin yatsan ma'aikaci a kan gilashi an rubuta a 1989 cewa yana iya yin ganye, saboda gishirin gumi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Reece da abokansa sun nuna a 1984 cewa jini kaɗan ba ya hana zane, haka ma kashin farko na jariri in ya gauraya da ruwan, amma in jini ya yi yawa har ya kai yawan ruwan, zanen yakan lalace. Ga shi kuwa zubar jini ba baƙon abu ba ne ga cikin da yake barazanar zubewa.

Abin da Ya Rataya a Kan Amsar

Fashewar faya kafin naƙuda tana samun wajen kashi 8 cikin ɗari na cikkunan da suka kai lokaci, kuma wannan ba ta cika zama matsala ba, haihuwa ce take biyo baya. Kafin mako na 37 tana samun kashi 2 zuwa 3, tana kuma cikin manyan dalilan haihuwar bakwaini. Wadda take aukuwa kafin ɗan tayi ya isa rayuwa a waje ba ta kai kashi 1 ba, amma ita ce mafi muni. A manyan asibitocin ƙasashe masu arziki ana iya ceton jaririn mako 23 ko 24. A Nijeriya iyakar da aka saba ɗauka mako 28 ce. Mai cikin mako 18 da fayarta ta huje tana da tafiyar mako goma a gabanta da jaka a buɗe.

Haɗari na farko ga uwa yake. Faya ita ce katangar da ta raba mahaifa da ƙwayoyin cutar da suke farji, in ta huje sai su hau. Alamarsu zazzaɓi ne da ciwon ciki da ruwa mai wari da bugun zuciya da sauri, in kuma aka yi sakaci cutar takan shiga jini ta kashe. Na biyu ga huhun ɗan tayi yake. Tsakanin mako na 16 da na 26 huhu yake fitar da ƙananan hanyoyin iskarsa, kuma ba ya yin haka sai yana cike da ruwa, ƙirji kuma yana da sararin buɗewa. In ruwan faya ya tsiyaye, mahaifa ta matse ɗan tayi, huhu yakan tsumbure, a haifi jariri da rai amma ya kasa numfashi. Matsewar takan kuma lanƙwasa ƙafafu da hannuwa. Gwargwadon wurin da aka yi da fashewar da ƙarancin ruwan da ya rage, gwargwadon girman wannan haɗari.

Kuskure ta kowace fuska yana da tsada. In aka ce faya lafiya take alhali ta huje, an mayar da mace gida ba magani, ba wanda yake duba zafin jikinta. In aka ce ta huje alhali lafiya take, an kwantar da mace a asibiti a banza, an ɗora wa iyali kuɗi da fargaba, a wani wurin ma har a kai ga shawarar fitar da cikin da ba abin da ya same shi. Don haka likitan kirki ba ya yanke hukunci da gilashi kaɗai. Yakan haɗa shi da labarin da macen ta bayar, da abin da idonsa ya gani a ƙuryar farji, da takardar naitirazin, da na'urar ɗaukar hoton ciki wadda take nuna yawan ruwan da ya saura. In suka saɓa wa juna, sai a kwantar da ita na ɗan lokaci a sake dubawa.

An samo sababbin gwaje-gwaje da suka fi wannan dacewa da gaskiya, irin su AmniSure da Actim PROM, waɗanda suke neman wani furotin na musamman da yake da yawa a ruwan faya, kaɗan ƙwarai a ruwan farji, su nuna amsa da layi a kan tsinke kamar gwajin ciki. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin mata ta Ingila ta fitar a 2019 su ta ce a yi amfani da su in ba a ga ruwa da ido ba, ta Amurka kuwa a 2020 ta bar gwajin ganye cikin hanyoyinta. Sababbin suna da tsada, kowane tsinke sau ɗaya ake amfani da shi, kuma daga waje ake shigo da su. Gwajin ganye ba ya bukatar komai sai gilashi da madubi, kuma duk ƙaramin asibitin da ake duba jinin zazzaɓin cizon sauro a cikinsa yana da su. A irin waɗannan wurare barin sa don an ji cewa an sami wanda ya fi shi ba dabara ba ce, muddin wanda ya fi shin bai iso ba.

In an tabbatar faya ta fashe, abin da za a yi ya dangana ga makonnin ciki. Daga mako na 24 zuwa na 34 ana ba uwa allurar da take gaggauta nunar huhun jariri. Ana kuma ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, tun da babban binciken da aka kira ORACLE, wanda aka buga a Ingila a 2001, ya nuna amfanin eritiromaisin wajen jinkirta haihuwa da rage cutar jarirai. Ƙasa da waɗannan makonni babu magani mai gyara tantani, sai sa ido da bayyana wa iyaye gaskiyar halin da ake ciki. Zanen ganye kuwa ba ya faɗin girman hujin, ba ya kuma faɗin ko zai toshe. Wanda allurar likita ta yi sa'ad da aka zuƙi ruwa don gwaji, wanda yakan sami wajen mace ɗaya cikin ɗari, yawanci yakan toshe da kansa cikin 'yan kwanaki ruwa ya sake taruwa. Wanda ya auku haka kawai a tsakiyar ciki ba safai yake toshewa ba, kuma wajen rabin matan sukan haihu ko su yi ɓari cikin mako guda.